Kwanon Acca a Tabarmar Ciyayya

Kiyashi ne suka fara gaya mini, tun kafin wani likita ya buɗe baki. A unguwar Gangare muke zaune lokacin, shekarun da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Maigidana tela ne, shagonsa na bakin titi. Kullum da safe in na shiga wanke makewayi sai in tarar da kiyashi sun yi dafifi a inda ya yi fitsari. Ga shan ruwa kamar raƙumi, a garin da sanyi ke hana mutum ko kallon randa. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ranar da na ga ya kasa zura zare a allura da rana tsaka, ya ce wai laifin allurar ne. Tela kuwa idonsa ne jarinsa, kuma da idon nan muke ci.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Wata nas 'yar ƙabilun nan na kan dutse ta ɗiga fitsarinsa cikin shuɗin ruwa a siririyar kwalba, ta ɗora a wuta, muna kallo ya rikiɗe ya koma kalar jar ƙasa. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya rubuta ƙwaya. Nas ɗin ce ta zaunar da ni.

"Madam, ji nan," ta ce da irin Hausarta. "Tuwo in ya shiga ciki, sukari yake zama a jini. Jikin oga ba ya iya kwashe shi da sauri. Ba shi kaɗan-kaɗan, kan lokaci. Jiki yana da agogo nasa. Safe da rana yana aiki sosai, in rana ya faɗi aiki yana sanyi. Kar ya cika ciki da shinkafa ya je ya kwanta. In ba haka ba, ido zai tafi."

Sai ta ce in riƙa yi masa acca da ganye mai yawa. Na ce a raina, wato ta samo wa 'yan uwanta manoman acca kasuwa. Ni haka Allah ya yi ni, ko inuwata sai na waiwaya na duba kafin in yarda tawa ce. Duk da haka na bi maganarta, don tsoron makanta ya fi ƙarfin zargina.

Na koyi wanke acca, aikin da ke cinye haƙurin mutum saboda yashi. Na koyi gwate da yakuwa da gauta. Na tsaya a kansa ya karya kafin ya fita, shi da a da sai hantsi yake sa wani abu a baki. Da rana in aika masa shago. Da magariba in zuba ɗan madaidaici a kwano, yara su kai masa waje, kwano ya dawo tas kamar an lashe. Har daɗi nake ji.

Amma kiyashi ba su daina zuwa ba, kuma duk komawar da muka yi asibiti kwalbar nan ja take. Nas ta dube ni ta ce, "Madam, akwai wanda yake ba shi abinci." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ji kamar ni take tuhuma. Sai dai na san ruwa ba ya tsami banza.

Mai shayin da ke kusa da shagonsa na fara zargi. Na sa ƙanena ya je ya bugi cikinsa, mutumin ya rantse rabon Malam da shayinsa tun damina. Na koma kan yayarsa ta Naraguta, mai kawo masa fura duk Juma'a. Ban tsaya kara ba na ce mata ta daina, ta tafi tana cewa na raba ta da ɗan uwanta. Na shinshina rigunansa, na laluba aljihu ko zan ga ɓurɓushin ƙosai. Har ƙwayar na zarga, na ce ko alli suke ba mu. Shi kuwa in na tambaye shi sai ya ce, "Ke dai kin cika bincike. Ba kwanonki ke dawowa wayam ba?"

Ashe ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wata safiya matar direban da ke maƙwabtaka da mu ta shigo da fara'arta.

"Yaya, don Allah koya mini gwaten nan naki. Maigidan ya ishe ni, wai kwanonki ake fara sharewa a wurin ciyayya."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan randa. Al'adar layinmu ce, bayan sallar magariba magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya. A buɗe wannan a cinye tare, a jawo na gaba. Na san da haka sarai, amma na ɗauka mai ciwo zai ja nasa gefe. Ashe accata loma biyu yake samu, sauran kuwa tuwon shinkafar wannan, taliyar wancan, a rufe da kunu mai sukari, daidai lokacin da aka ce ya sassauta wa cikinsa. Bai ma gaya wa kowa yana da ciwo ba.

Da ya dawo daga shago da yamma na tare shi. "Malam, ashe gayya nake ciyarwa, kai kana kashe kanka?"

Bai musa ba. Ya ce, "To ya kike so in yi? In rungume kwanona kamar maye?"

Na yi kuka, na yi faɗa, har ya yarda zai riƙa ci a ɗaki. Ya kuwa gwada. Sai ya zauna shi kaɗai yana juya cokali, dariyar abokansa na shigowa ta taga. Kiyashi suka ragu, kwalba ta fara komawa kore maimakon ja, alamar sukarin ya ragu, na ce Alhamdulillahi. Amma a layi magana ta tashi. Wasu suka ce na mallake shi. Wasu suka ce ai sammu yake tsoro, yana zargin wani a cikinsu zai sa masa abu a tuwo. Wannan ta fi yi masa ciwo, don wani dattijo da suka shekara ashirin suna cin kwano ɗaya ya daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Sai na fasa ƙwai, na gaya wa matan layi gaskiyar ciwon. Na zaci shi ke nan. Mazan suka yi ta jajantawa, suka ce ya dawo, za su kula da shi. Kulawar tasu ita ce su tura masa acca gabansa, sannan in an buɗe shinkafa a ce, "Haba Malam, ɗan taɓa, loma ɗaya ba ta kisa." Shi kuma ba ya iya mayar da hannun mutum.

Ranar da na ga ya ɗauki hularsa zai koma tabarmar, na tsaya a bakin zaure na ce, "Idonka fa, Malam."

Ya dube ni. Sannan ya ce a hankali, "Na ji abin da nas ta ce, kuma na san gaskiya ne. Amma in na makance ina tare da su, su za su ja ni zuwa masallaci. In na zauna da idona ni kaɗai, wa zan kalla?"

Na kauce ya wuce. Ban yarda da maganarsa ba, har yau ma ban yarda ba.

Idon ya tafi a hankali, hagu ya riga dama. Muka sayar da keken ɗinki. Mutanen layi kuwa ba su ba shi kunya ba, kullum da magariba sai wani ya yi sallama a zaure, ya kama hannunsa ya fita da shi. Nakan tsaya bayan ƙyaure ina kallon hannun da ke jansa, ina tuna cewa shi ne dai hannun da ya riƙa tura masa shinkafa. Sai in ce, "An gode, Allah ya saka da alheri," domin ni ba zan iya kai shi sahun maza ba.