Ban Taɓa Zama a Bayan Babur Ɗina Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a Makera, mai ɗinkin manyan kaya, kwastomomina har daga ƙetaren gada suke zuwa. Allah ya rufa min asiri, sai dai ina da wani ciwo da ba a kai shi asibiti, wato son a kalle ni. Edita, da ka ga yadda nake karya hula a shekarun nan, sai ka rantse gwamna ne ke jirana. Wannan ciwon ne ya kai ni sayen wani ƙaton babur ɗan Kwatano, irin mai faɗin tanki da dogon hannu, wanda in ka tayar da shi kajin unguwa sai sun watse. Nauyinsa kuwa, in ya faɗi sai an taru a ɗaga.

Ran Lahadi nakan fita da wasu abokai masu irin wannan babur. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya zagaya nawa, ya taɓe baki, ya ce bayansa ya cika tsawo, kamar na masu kai buhunan masara kasuwa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya min a wuya. Kashegari na nufi kasuwar kayan gyara na sayo gajerun shokazoba guda biyu, wato ƙarafunan nan masu sifirin da ke shanye girgiza a ƙafar baya. Mai shagon ya gaya min gaskiya, ya ce waɗannan na mutum ɗaya ne a kan titi mai santsi, na ce masa ni ba baƙon babur ba ne. Da hannuna na kwance na asali na jefa su ƙarƙashin teburin yanka, na ɗaura sababbin. Babur ya kwanta ya yi kyau. Da na faɗa ramin farko na ji madigadi ya daki taya, sai na ɗauko sifana na ɗaure zoben sifirin har ƙarshe. Dukan ya daina, na ce na gama aiki. Ni a tsakiyar babur nake zama, kan faffaɗar kujera mai laushi, saboda haka ɗan taurin da nake ji bai dame ni ba.

A daidai wannan lokaci ne ciwon bayan mahaifina ya tashi. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye gaban injin masaƙa a Kakuri, da girma ya zo sai bayan ya fara karɓar fansa, ciwon yana sauka har ƙafarsa ta hagu. Likita ta rubuta masa gashin ƙashi duk Litinin da Alhamis a wani asibiti can wajen Sabon Tasha. A nan sai na faɗi wani abu don a fahimce ni. Ni ne ɗan fari, Baba kuma mutumin da ne. Tunda na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In yana son wani abu a wurina, Inna yake gaya wa, ko da ina zaune a gabansa. Da na ce ni zan riƙa kai shi a babur maimakon ya tsaya jiran keke napep, ta bakin Inna amsar ta zo cewa ya yarda. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, rabin daɗin na neman albarka ne, rabi na a gan ni ne ɗauke da tsohona a kan babur ɗin da babu irinsa a layinmu.

Wata uku muna wannan zirga-zirga, ciwo sai gaba yake yi. Duk sanda muka sauka nakan tambaye shi ko lafiya, sai ya kau da kai ya yi hamdala. Mutumin da ya saba tsayawa sahun farko a bayan liman ya koma yin salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, kuma na san wannan ya fi ciwon kansa cin ransa. Likitar ta rasa gane abin da ke faruwa. Ta ce in mako biyu suka wuce babu sauƙi, sai dai a yi masa aiki a baya, kuma a shekarunsa ba za ta yi min alkawarin zai sake taka ƙafar nan ba. Na fito ina zargin magani, ina zargin ma'aikata, har na fara zargin ko hannu aka sa masa. Babur ɗina kaɗai ne ban zarga ba.

Wata Alhamis muna dawowa da rana tsaka, wayar kuloci ta tsinke a Sabon Tasha. Aka nuna min rumfar wani dattijon makanike, Kirista ne ɗan kudancin jihar nan, an ce shi kaɗai ke taɓa manyan babura a wajen. Shi da kansa ya fito ya kama Baba ya sauke shi, kuma na lura ya daɗe yana kallon fuskarsa kafin ya zaunar da shi a benci ya kawo masa ruwa. Da ya gama sa waya, sai ya danna bayan babur ɗin da duk ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, na buga ƙirji na ce ni ne. Can sai ya tambaye ni ko na taɓa zama a baya. Na ce wa zai ba wani tuƙin babur irin wannan. Ya ce to yau sai in daure in ba shi, zai gwada wayar, ni kuma in hau bayansa.

Ya bi da ni wata hanya da ke bayan kasuwa, irin ramukan da muke bi kullum. A ramin farko na ji kamar an ɗaga taɓarya an sauke min a ƙugu, zafin ya haura har ƙeyata, na ciji harshena. Na biyu ya sa na yi salati da ƙarfi. Na ce ya rage gudu, ya ce ai da wannan gudun ya ga na shigo layinsu. Ba mu yi minti goma ba muka dawo, na sauka da ƙyar, ni da nake da lafiya da ƙuruciya. Na ɗaga kai na ga Baba a kan benci yana jan carbi, ya dafe ƙugu da hannu ɗaya. Wata uku, zuwa da dawowa, sau biyu a mako. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon nan bai zage ni ba, ko da yake na cancanta. Ya kira ni ɗana, ya nuna min cewa mai zama a baya a kan taya yake kai tsaye, duk abin da shokazoba ta ƙi shanyewa ƙashin bayansa ne zai shanye. Ni kuma na sa gajere, sannan na ɗaure shi tam, na mayar da shi ƙarfe kawai. Ya tare wa Baba keke napep, ya ce gobe in zo da shokazoba na asalin. Da na kawo, ya wanke su, ya canja robobin da suka mutu, ya ɗaura. Sannan ya ce in ba shi tef ɗin awo da ke wuyana. Ya auna tsayin bayan babur babu kowa a kai, ya sa na hau ya sake aunawa, shi ma ya hau baya tunda nauyinsu da Baba kusan ɗaya ne, yana matsa zoben mataki-mataki har babur ya riƙa nutsewa daidai yana dawowa a hankali. Ya rage iskar da mai faci ya cusa wa tayar. Yana miƙo min tef ɗin ya ce yana mamakin telan da ke auna kafaɗar kowa amma bai auna mazaunin ubansa ba.

Ran Litinin na gaya wa likita komai, kaina a ƙasa. Ta riƙe baki, ta ce ashe abin da suke gyarawa da safe ni nake warwarewa a hanyar gida. Ta hana Baba hawa kowane irin babur, wani maƙwabcinmu mai mota ya ɗauki nauyin kai shi, Allah ya saka masa. Aka ɗaga maganar aiki, daga baya aka bar ta gaba ɗaya. Ranar da na shiga masallaci na hango Baba a tsaye a sahun farko, ya yi ruku'u ya ɗago ba tare da ya dafa kowa ba, ban san me liman ya karanta ba, hawaye kawai nake yi.

Abu ɗaya ya ci gaba da damuna, sai na tambayi Inna me ya hana shi magana. Ta ce tun ranar farko ya dawo ya kasa tashi daga tabarma, ta roƙe shi ya bari ta gaya min, ya hana ta. Ya ce mata tunda aka yaye yaron nan bai sake riƙe shi ba saboda kunya, yanzu kuwa a kan mashin yana dafa kafaɗarsa tun daga Makera har Sabon Tasha, babu mai cewa ya yi rashin ta-ido. In ya yi ƙorafi, keke za a sa shi.

Har gobe ina yi wa dattijon makaniken nan addu'a, duk Kirsimeti kuma ni nake ɗinka masa kaya, ya gaji da hana ni ya ƙyale. Na gode wa Allah da ya tsinke wayar nan a ƙofar rumfarsa. Ku masu manyan babura, kada ku taɓa ƙafar baya don ado, ku kai wa wanda ya sani ya daidaita ta da nauyin da za ta ɗauka, kuma kafin ku ɗora kowa ku zauna a wurin ku ji. Ku kuma masu iyaye irin nawa, hamdalarsu ba shaidar lafiya ba ce, ku kalli yadda suke sauka. Da likita ta sallame shi, Baba ya aiko Inna ta tambaye ni ko mashin ɗin ya yi hankali. Yanzu duk Juma'a ni nake kai shi masallaci, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, hannunsa a kafaɗata. Abokaina sun ce babur ɗin ya koma na masu masara, ni kuwa ko a jikina.