Babu jini, tashi: yadda na faɗi a filin Agye

Wata bakwai ban rubuta komai a shafin nan ba. Mutum biyu ne kawai suka tambayi dalili. Da hannun hagu nake danna wannan, sai ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ni ba, tsohon mushen lakol ne ni a Gazawa, wato malamin makaranta, shi ya sa ake ce mani Mushe. Tun ina ɗalibi na koyi rugbi, wasan da rediyo ke kira zari-ruga. Da na ajiye alli, matata ta rasu, ɗiyata Hadiza tana aure nesa, sai na tara samarin gari ina koya masu. Ƴan kabu-kabu ne da magina da mahauci guda. Ba wanda ake biya.

Ina da magana guda. In ɗan wasa ya faɗi yana birgima, sai in ce, "Babu jini, tashi!" A matse masa soso mai ruwan sanyi a ƙeya, ya koma fili. Shekara tara ina faɗin ta, ina alfahari.

Ranar da za mu je Agye wasan gasa na tashi da nauyin kai. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya taɓa ce mani tansiyona ya hau, wato hawan jini, ya rubuta magani, na sha kwali guda na bari. Amma Agye ce. Ko'ina aka cinye mu gari yana yafewa, ban da can. Na shiga mota.

Muna gaba da maki biyar kofi ya suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, ƙafa ta ƙi. Na zube bakin layi. Na so in kira Sanusi, kaftin ɗinmu, harshe ya yi nauyi kamar an cusa mani gumba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci yarana suka zo shan ruwa. Sanusi ya kwashe da dariya.

"Jama'a, yau Mushe ne a ƙasa! Babu jini, Mushe, tashi!"

Suka amsa gaba ɗaya kamar amshin waƙa. Mahaucin ya matse mani soso a ƙeya. "Rana ce, tsoho. Ko ba a karya ba aka fito?" Suka jingina ni da itacen bedi, wato dogon yaro, suka koma.

Ina jin usur, ina jin ihu, miyau na zuba a rigata. Hannun da na shekara talatin ina rubutu a allo da shi yana mutuwa a kan cinyata. Kuma na san ba mai zuwa, don ni na koya masu kada su zo.

An ce mun ci wasan.

A rugbi akwai al'ada: in an tashi, ƙungiyoyin biyu su zauna su ci abinci tare, ko da an fasa wa juna baki. A nan ne Bello, mai horar da Agye, ya tambayi ina nake. Bafillace ne, benci guda muka zauna a lakol, shekara hamsin muna zagin wasa da juna. Ya taho da ƙwaryar fura.

"Kaɗo, ka ci wasana kuma ka raina furata?"

Sai ya ga bakina ya karkace. Ya ajiye ƙwaryar. "Ɗaga hannun nan." Bai ɗagu ba. Ya juya ga yarana. "Tun yaushe yake haka?"

"Tun kafin hutu," in ji Sanusi.

Ban taɓa jin Bello ya yi ashar ba sai ranar.

Daga asibitin Agye aka tura ni Maraɗi. Aka sa kaina a sikanar, na'urar ɗaukar hoton cikin kai. Likita ta ce, "Baba, jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a cikin kanka. Me ya tsai da ku?"

Ashe akwai jini. Ba wanda ya gan shi ne.

Kwana ashirin da uku na yi a gado. Ƙarin ruwa, robar fitsari, awon tansiyo safe da yamma. Ana juya ni kamar buhu. Tumakina biyu da kekena duk sun tafi a magani. Hadiza ta yi kwana goma ta koma ga ƴaƴanta, ban ga laifinta ba. Bello ne ya shimfiɗa tabarma gefen gadon, shi ke wanke ni. "Kaɗo, kada ka mutu kana gabana da maki biyar," haka yake cewa.

Yarana sun zo sau ɗaya. Suka kewaye gadon, suka ɗauki hoto, bakina a karkace, suka sa a nan da rubutun "Mun ci Agye don Mushe." Da yawanku kun danna alamar so. Sanusi ya ce, "Wallahi Mushe mun zaci gajiya ce." Ban sake ganin su ba. Daga filinmu zuwa ƙofar gidana tafiyar minti biyar ce.

Mai gashin ƙashi ya ce in riƙa matsa abu mai taushi. Bello ya kawo tsohon balon rugbin Agye da iska ta fita, shi na yi wata huɗu ina matsawa. Yanzu ina zuwa masallaci da sanda. Magana ta dawo, a hankali. Hannun yana kai kofi baki, amma alƙalami ya ƙi. Likita ta ce mai yiwuwa iyakarsa ke nan.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da Hadiza, da ƴan wasan Agye da suka ɗauke ni a hannu zuwa mota. Bello, ba ni da kalmar da ta kai.

Ku kuma, in an ba ku maganin tansiyo kada ku yanke. In kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada ku jira a tashi wasa, kada ku nemi soso. Asibiti, nan take.

Sanusi, an ce har yanzu kuna ihun maganar nan a fili. Tawa ce, kuma na janye ta.

Bayan Salla Agye za su zo Gazawa. Zan zo kallo in Allah ya so. Kada ku ajiye mani kujera, Bello ya riga ya ajiye mani a bencinsu.