Saniyar da Na Yanka a Cikin Laka

Mu huɗu ne sa'annin juna, 'yan wani ƙauye kusa da Zermu: ni, da taubashina, da wanzamin garinmu, da ɗan liman. Tun muna samari, in bazara ta yi zafi sai mu sauka bakin tabki mu hura wuta. Wani ya kawo zabo, wani tarwaɗa. Mu gasa, mu ci, mu zazzagi juna, mu yi wanka mu koma gida.

A shekara ta biyu ta fari babu zabo, babu tarwaɗa. Tabkin ya janye, sai ɗan ruwa kore a tsakiya, laka ta kewaye shi. Rabin gari ya tafi Damagaram. Wasu na kwana a rumfunan Zango, wasu sun raɓe wajen dangi a Kara-Kara suna jiran kamyon, babbar motar da ke kawo agajin jar dawa. Liman ma ya tafi. Mu da muka zauna anza muke ci, 'ya'yan wani ɗan itacen daji. A jiƙa 'ya'yan, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kuma ɗacin ba ya fita duka.

Taubashina saniya guda ta rage masa. Matarsa na jego, nono ya ƙafe, jariri ya daina kuka mai ƙarfi. Ya ƙi yanka saniyar, wai damina na zuwa.

Wata rana bayan azahar ya shigo gidana ba sallama.

"Ɗauko wuƙarka. Ta kafe a tabki."

Muka biya muka ɗauki sauran biyun. Da muka isa, tana can cikin laka har haƙarƙari. Ƙishi ya ja ta, ƙarfin fitowa babu. Ƙafafu huɗu da wutsiya duk sun nutse. Kanta na kwance a gefe guda. Ungulaye uku sun riga mu zuwa, suna tsaye nesa kaɗan.

Kowa a ƙasarmu ya san dokar. Dabba in ta mutu kafin wuƙa ta taɓa ta, mushe ce. Abin da ke nuna da rai aka yanka shi ne jini ya yi tsartuwa, ko ƙafa ta shure, ko wutsiya ta kaɗa, ko ido ya kifta. Ban yi karatu ba, amma wannan na sani.

Ni ne mara nauyi a cikinmu. Suka shimfiɗa tsohuwar zana biyu a kan laka, na bi da rarrafe, wuƙa a baki. Su uku suka tsaya a busasshiyar ƙasa, kamar taki ashirin daga gare ni.

"Yi sauri mana!" in ji taubashina.

Na taɓa wuyanta. Da ɗumi, amma rana ma tana ɗumama gawa. Na kasa kunne a hancinta, ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Ƙudaje sun rufe idon da ke sama. Na yi bisimilla na yanka.

Jini bai yi tsartuwa ba. Ya gangaro a hankali, baƙi, mai kauri. Ƙafa ba ta da halin shuri. Wutsiya na ƙarƙashin laka. A wajen idon na ga wani abu ya motsa. Ko fatar idon ce, ko ƙudajen ne suka tashi, ban iya rabewa ba. Sau ɗaya ne, ya wuce.

Ba wanda ya tambaye ni a lokacin. Janyo ta ba ya yiwuwa, don haka a nan na feɗe abin da hannu ke kaiwa, ina miƙo nama baya, suna karɓa suna jerawa a kan fatar da na fara cirewa. Babu kitse ko na shafa wa leɓe. Na fito laka har wuya.

Wanzami ya karyo busasshen gawo ya hura wuta inda muka saba hurawa. Ya fere tsinke, ya soke hanta da zuciya, ya kafa su kewaye da wutar. Yana da ɗan gishiri ƙulle a bakin rigarsa. Ƙanshi ya tashi. Wata nawa rabona da shi. Na matso na tsuguna bakin wutar.

"Dubi taubashinka," in ji wanzami ga mai saniyar, "ya zama kwaɗo. A gasa shi tare, sai dai ba nama."

"Kai da wuyanka kamar na zalɓe," na ce. "Juya tsinken, Sarkin Aska, kada ka yi masa ƙaho."

Muka yi dariya, gajeriya. Ɗan liman bai yi ba.

A al'adarmu wuya na mai yanka ne, kuma shi ke fara kai nama baki. In ya ci, ya shaida ke nan, kowa sai ya ci. Wanzami ya yanko tsoka daga wuyan, ya gasa, ya miƙo mini a kan wuƙa.

"Dakata," in ji ɗan liman. "Ni ban ga jini ya tashi ba."

"Wane jini, malam?" in ji wanzami. "Kai in an yanka ka yau ludayi za ka cika?"

"Ba da kai nake ba." Ya juyo gare ni. "Ta motsa?"

Taubashina na tsugune, hannuwansa rataye a kan gwiwa. Bai ɗago ba.

Ɗan liman ba mugu ba ne. Shi ma leɓensa ya tsage, shi ma yana haɗiyar yawu. Ya sassauta murya.

"In mushe ce, a ce mushe ce. Littafi ya yarda wanda yunwa za ta kashe ya ci abin da zai riƙe rai. Amma a kira abu da sunansa."

"Inna ba za ta ci ba," in ji taubashina, yana kallon ƙasa. "Ka san ta. Ta gwammace ta mutu da tasbaha a hannu. In ba ta ci ba, mai jego ba za ta ci ba. Ba ta taɓa sa hannu a ƙwarya kafin ita ba."

Gaskiya ya faɗa. Uwarsa ƙanwar ubana ce, na san ta sarai. Kuma akwai abin da bai faɗa ba. Fari zai wuce, amma gidan da aka ce sun ci mushe, sunan zai bi su har jikoki.

"To ka ji," in ji wanzami. "Bar mutum ya ci namansa."

Ɗan liman ya ce, "Ya amsa tukuna. Shi kaɗai ya gani."

Ungulayen sun sauka kan abin da ya rage a laka, suna faɗa da juna. Hanta ta fara ƙonewa a gefe guda, ba wanda ya juya ta. Su uku suna kallona. Naman na kan wuƙa yana huci a gaban fuskata.

Na so in ce ban sani ba, don ita ce gaskiyar da nake da ita. Amma na san in na faɗi haka, ɗan liman zai ce abin da ake shakka a bar shi, kuma naman nan ba zai shiga gidan gwaggona da sunan halal ba.

"Ta kifta ido," na ce.

"Ka gani da idonka?" in ji ɗan liman.

"Na ce ta kifta."

"Ka ce wallahi."

Taubashina ya ɗago a karon farko. Bai roƙe ni ba. Kallona kawai ya yi.

Ban rantse ba. Na ciro naman daga wuƙa na sa a baki. Yana da tauri, yana warin laka. Na tauna a gabansu, na haɗiye.

"Ya ci," in ji wanzami. "Malam, me kuma ya rage?"

Ɗan liman ya dube ni. Sannan ya ce, "A wuyanka." Ya miƙa hannu ya zare tsinke guda.

Muka ci. Ba hira, sai tauna. Wanzami ya ƙona harshe, ya zagi wutar. Taubashina ya ci yanka biyu ya tsaya, ya ce sauran na gida ne. Muka kasa naman, rabon taubashina ya fi yawa, muka naɗe a zana muka ɗauka kafin rana ta faɗi.

Na raka shi har tsakar gida. Gwaggo na zaune a kan tabarma, jaririn a cinyarta. Ta dubi ƙunshin, ta dubi lakar da ta bushe a jikina.

"Wa ya yanka?"

"Ɗan wanki ne, Inna."

"Da ranta?"

Ni ta tambaya. Na ce, "Da ranta, Gwaggo."

"To, in kai ne, shi ke nan." Ta juya wajen ɗakin mai jego. "Ke, a ɗora tukunya."

Sun sha romo a ranar. Sauran suka shanya a igiya, ya kai su wasu makonni. Jaririn ya rayu, uwarsa ma. Gwaggo ta rasu bayan shekaru, tana ganina mutumin da ba ya ƙarya.

Har yau ban san abin da na gani a idon saniyar nan ba.