Makarar da Yaya Haruna Ya Haɗa

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne yayana Haruna, kuma har yau in na bi ta bayan masallacin unguwarmu a New Bell, cikin Duwala, sai raina ya ɓaci.

Akawu ne a wani kamfani a Bonaberi. Da shekarun matsi suka zo aka zabge albashi, sai ya sayi amalanken turawa, wanda muke kira pus-pus. In ya tashi aiki ya tuɓe rigar ofis, ya shiga lungunan Nkololoun yana kwashe wa mutane tarkace, ruɓaɓɓen kwano ne, karyayyen gado ne, ya ware ƙarfen ya kai sikeli. Mu kuwa 'yan gidan masu atamfa a kasuwar Mboppi muka ce ya zubar mana da mutunci. Ni da kaina na sha tsallaka titi in na hango shi. Na faɗa ne don kada a ɗauka na fi sauran.

Makarar masallacinmu ta katako ce a lokacin, damshin Duwala ya gama cinye ta. Yaya ya yi wata huɗu yana ware ƙarfen gadaje masu ƙwari bai sayar ba, alhali sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansa. Duk wanda ya ware sai ya yi masa zane uku da zarto. Ya kai wa mai walda aka haɗa makara, ya turo ta har ƙofar masallaci. Wani attajiri cikin dattawa, ba zan kama sunansa ba, ya dube ta ya ce, "Haruna, musulmi za mu ɗora a kan ƙarfen bola?" Yaya ya ce, "Baba Alhaji, sau bakwai na wanke ta." Aka ce ya je ya jingine ta a baya. Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba.

Da damina wani kwano mai tsatsa ya yanke shi a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da turi. Kafin mu farga haƙoransa sun datse, asibiti suka ce mun makara. Ranar jana'iza aka ɗauko ta katakon, hannunta ɗaya ya zare tun ba a ɗora Yaya ba. Ba wanda ya iya duban wani. Aka zagaya baya aka ɗauko ta ƙarfen bolar, Yaya ne ya fara hawanta.

Da zai leƙo yau, zai tarar da jikokin masu toshe masa hanci suna da filin tara ƙarfe da manyan motoci, ana ce musu patron, wato maigida. Na san shi, dariya zai yi ya wuce. Ni dai na kasa.

Makarar tana nan, ta kai kowa, har Alhajin. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka shafa mata koren fenti, suka manna allo da sunan ubansu, wai sadakarsa ce. Na je na sami liman, ya ce, "Malam Isa, ai Allah ya san mai ladan." Na ce, "Allah gafarta Malam, in Allah ya sani, allon don wa aka manna?" Allon dai bai sauka ba.

Amma fenti bai cike zanen zarto ba. Yana nan ƙarƙashin hannun dama na gaba, kuma duk gawar da za a ɗauka wurin nake kamawa. Na nuna wa 'ya'yana. Na ce ranar da aka ɗora ni, kafin a ɗaga, babbansu ya tsaya a ƙofar masallacin nan ya faɗa da ƙarfi cewa Haruna mai pus-pus ne ya haɗa ta. Maganar da na haɗiye ranar da ya turo ta ce, su faɗe ta ina kwance a kai.

Allah ya jiƙanka, Yaya.