Tagar Inna Rakiya

Daga Guna aka kawo Inna Rakiya cikin Damagaram tana amarya, kuma a madafar da ta tarar a gidan Malam Zakari ta tsufa. Ɗaki ne na ƙasa, ba shi da kafa sai ƙofa. Ko da rana tsaka ka shiga, sai ka tsaya idonka ya huce kafin ka gane tukunya. Ita kuwa ko a jikinta. Da hanci take sanin miya ta nuna, da hannu take auna gishiri, kuma 'yan unguwa sun shaida babu mai miyar kuka irin tata. Wani abin da take alfahari da shi bayan girki shi ne ba ta shiga sha'anin mutane. Takan faɗi haka sau da yawa.

Da ɗanta Abdulaziz ya zo hutu daga Yamai, ya leƙa gaishe ta ya yi karo da turmi. Yana ɗingishi ya ce sai an gyara ɗakin, a yi siminti, a fasa taga.

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, faɗa wa yaron nan ni ba da ido nake girki ba."

Bai fasa ba. Ya kira Modu magini, suka zauna a tsakar gida suna duba hotunan tagogi a waya, masu gilashi da masu ƙarfe. Modu ya ce a bar gabas da yamma, rana za ta gasa mai girki. Bangon arewa ya fi, haske ba zafi, kuma a ɗaga tagar sama.

Inna tana tsince shinkafa kamar ba ta ji. Can ta ce, "Arewa ba nan ne lungu ba?"

"Nan ne, Inna," in ji Modu.

"To in dole sai an yi, a sauke ta ƙasa. Wa zai riƙa hawa kujera yana goge ta?"

Aka yi yadda ta ce. Ranar da haske ya shiga, ta ga baƙin hayaƙin da ya lulluɓe bango, kunya ta kama ta, ta hana kowa shiga sai da aka shafe shi da farar ƙasa. Daga nan ta matso da murhu gindin taga.

Kafin Abdulaziz ya koma Yamai, Inna ta san wa ya sayi rago, wane saurayi ne ke yawan wucewa ta ƙofar gidan liman, wace ce ke fita unguwa da mayafin aro. Maƙwabciyarta Shatu ta daina zagayowa ta zaure, sai ta dafa taga su gaisa, a miƙo mata ludayi ta ɗanɗana. Malam Zakari da ya saba kawo labari daga masallaci, yanzu kafin ya cire takalmi an riga shi.

Wata rana mai kabu-kabu ya buge amalanken mai ruwa a lungu, gardama ta kaure. Inna ta bi shari'ar tun daga farko har aka sasanta, tuwo kuwa ya kama. Malam ya kai loma, ya tauna a hankali, ya dube ta.

"Itacen bana ne," ta ce. "Wuta gare shi."

"Haka ne," in ji shi, ya ci gaba da ci.

Bayan damina Inna ta aika a kira Modu, ta ce hayaƙi na damun ta, a ƙara mata wata 'yar taga ta gabas.

Modu ya sosa ƙeya. "Inna, gabas ai tsakar gidan su Shatu take kallo."

"Ni hayaƙi na ce maka."

Shatu ce ta fara jin labari, ta ce ta yarda, da sharaɗin a yi tagar daidai tsayinta, don ita ma wuyanta ya gaji da ɗage ta kan katanga. Modu ya je ya auna ta, ya dawo ya fara fasa bango.