Rahinatu da Siririyar Wayar Ɗanta

Rahinatu mutuniyar Gangara ce, tufkar igiyar kaba ce sana'arta, da ita ta riƙe ɗanta Abdurrazak a lakwal, wato makarantar boko, har karatu ya kai shi Faransa. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Kowa ya yaba mata wannan kunya.

In ya kira ta, sai ya yi ta zuba bayanin aikinsa. Wai a kan wata wayar lantarki yake bincike, silin gashi ma gungume ne a kanta. In an sanyaya ta fiye da ƙanƙara, lantarki ya bi ta ba abin da zai tare shi, kuma ana zaton wani baƙon abu na ɓuya a bakinta biyu. Shi yake farauta. Injin sanyin kuwa ba a barinsa, in ya ɗumama an koma farko. Ita dai nata "Allah ya taimaka".

Ana nan idonta ya fara hazo. Likita a Tanut ya ce jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Ran nan Rahinatu ta yi kuka, ba don igiya ba, hannu ya san hanyarsa. So take ta kalli yaron nan sau ɗaya, kallo na ƙoshi.

Ƙaninta Ila ya ce a kira shi ya zo. Ta hana, har da rantsuwa, wai ba ita za ta ɗumama masa inji ba. Taurin kai dai, gadonta ne.

Sai da damina biyu ta wuce ya iso, murna fal ciki, an ga alamar abin. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata salula ta ga hoton wayar. Ta karɓa ta ƙura wa bayan salular ido.

"Ta yi kyau," in ji ta.

Sai a lokacin ya gane idonta ya tafi. Ila ya sunkuyar da kai.

Ta ajiye salular a tabarma, ta lalubo fuskarsa da tafin nan da kaba ta cinye. Ta shafa goshi, ta sauko kumatu ta iske su jiƙe.

"Ashe har gemu ka ajiye," ta ce. "Ba wanda ya gaya mini."