Ranar da na ba tocila tsofaffin batura

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba, ina zaune a Zandam da goyon 'yata ta fari, watanta bakwai. Maigidana ya je kasuwar Birnin Kudu ya dawo da wata doguwar tocila irin ta mafarauta, mai cin manyan batura huɗu. Yadda yake auna haskenta shi ne ya tsaya a ƙofar gida bayan magariba ya haska tsamiyar bakin gona. In ya iya ƙirga rassanta, to batir da sauransa. Ya ja mini kunne ya ce, "Wannan ba irin ta Inna ba ce, ci gare ta. Kada a taɓa mata batir."

Ni kuwa rediyo ne abokin hirata a madafa. Da batirinsa ya yi sanyi, sai na yi abin da kowa ke yi a garinmu: na shanya tsofaffin a rana, na ɗan ciccije su, na zuba wa tocilar, na kwashe sababbin na sa a rediyo. Na kunna, ta yi wal, na kashe da sauri. Na ce a raina ai ga shi tana yi, mutumin nan tsoratarwa ce kawai.

Bayan kwana uku, da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Maigidana yana gona. Ɗakina ba taga, ko da rana sai ka lalubi abu. Na shimfiɗe yarinya a tabarma can ƙurya tana barci, na fito kwashe shanya. Ina juyowa na ga baƙar wutsiya tana shigewa ta gefen ƙofar ɗakin.

'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa a gaban surukata, amma ranar na manta da kunya. Na ƙwalla ihu, "Inna! Maciji! 'Yata!"

Surukata ta fito da taɓarya, ta cafke hannuna ina shirin afkawa ciki. Ta ce, "Ke tsaya! In kika taka shi, ku biyu zai sara. Ina tocilar mijinki?"

Tana rataye a ƙusa daga bakin ƙofa. Na fizgo na kunna. Haske ya fito fari tas, na ga ƙafar gado, na ga jeren kwanuka, sai ya fara ja, ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Kafin in kai shi kan tabarma ya ɗauke. Na bubbuga ta a tafina. Shiru. Daga cikin duhun na ji murfin kwano ya yi ƙara, ga yarinya ta fara mutsu-mutsu.

Inna ta ce, "Ba kwanan nan ya sa mata sababbi ba?"

Rediyo ne ya amsa, yana can madafa yana ta zuba gaisuwa da ƙarfinsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ruga."

Na ɓalle bayan rediyon, batura suka watse a ƙasa. Na tsince su na zuba a tocila, ta ƙi kamawa, ashe ɗaya na juya shi. Yarinya ta fara kuka. Inna tana cewa a hankali, "Kai ya bi gindi, kai ya bi gindi, ki nutsu." Na sake jerawa, na murɗa murfin.

Ɗakin ya haske har ina ganin zaren gizo-gizo. Ga shi nan naɗe a gindin kwanuka, tsakaninsa da ƙafar 'yata bai kai kamu biyu ba, ya ɗago kai.

Inna ta ce, "Riƙe masa hasken a ido. Ko me kika ji, kada ki kawar."

Ta bi jikin bango tana bisimilla, ta kama bakin tabarmar ta jawo ta da yarinyar a kai, kaɗan-kaɗan, har bakin ƙofa. Sai da na ji ɗumin 'yata a ƙirjina na ga ya sulale ya bi ramin ɓera. Inna ta danna taɓarya ta toshe ramin. Na zauna nan bakin ƙofa na rungume 'yata.

Da maigidana ya dawo a jiƙe ya ji labari, cewa ya yi, "Kun ga amfanin tocila mai kyau ko?" Inna ta ce, "Mun gani." Rediyo dai ya koma ɗakinta, bai kuma dawowa ba.

Abin da na gane shi ne, wal ɗin farko ba shaida ba ce, mataccen batir ma yana yin ta. Har yau, ko fitilar waya ce, ina kunnawa in haska nesa in ƙirga ɗari kafin in yarda da ita. 'Yar tawa, da yanzu ita ma take goyo, tana yi mini dariya wai na cika tsoro. Nakan bar ta ta gama dariyarta, ni kuwa ƙafarta nake kallo.